Ranar da Maganin Afolo Ya Ƙare

Shekarar da Afolo ta shigo Katsina, duk wanda ka gamu da shi a Ƙofar Marusa sai ka rantse daga gidan rasuwa ya fito. Ido ja wur, kwantsa ta liƙe gashin ido, hawaye na zuba ba gaira ba dalili. Ciwon ido ne dai, amma irin marar kunyar nan. Ta kama liman ta kama ladan, ta tsallaka GRA ta kama masu kwana cikin iyakwandishan. Wasu suka ce direbobi suka kwaso ta daga Ikko. Malaman bakin titi kuma suka ce ƙurar duniyar wata ce da Turawa suka je suka tattaka da takalmi, shi ya sa aka raɗa mata sunan kumbonsu. Abu ɗaya kowa ya yarda da shi, wai kallo ke ba da ita. Ka haɗa ido da mai Afolo yau, gobe ka tashi da taka. Ma'aikatan lafiya sun yi ta faɗi cewa hannu ne da tsumma da ruwan wanke fuska, amma wa ya saurare su?

Ɗantsoho bakanike bai damu da inda ta fito ba. Shi damuwarsa yaushe za ta tafi, don ita ce ta tsaya tsakaninsa da matarsa.

Ga yadda abin yake. Zuwaira ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Batagarawa, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta sauka lafiya, namiji, aka yanka rago aka sa masa Usman. Ranar suna Ɗantsoho ya ga yaron, in har za a kira wannan gani. Wata gwaggo ce ta leƙo zaure da zane a naɗe, ya saci kallo ya hango wani ɗan jan abu a ciki, ya yi maza ya kau da kai saboda kunyar ɗan fari, abokai na ta yi masa tsiya. Ya koma birni yana jiran a gama wanka a maido masa iyalinsa. Ya sa aka shafe ɗaki da farar ƙasa, ya shimfiɗa sabuwar leda, ya sayo gado mai rumfa, har da fanka, don ba a daɗe da ja musu wuta ba. Aiki kam yana samu. Lokacin kuɗin mai sun sauko, na ƙarin albashin Udoji ma ba su gama hucewa a aljihun ma'aikata ba. Kowane masinja ya sayi Honda, kuma yawancinsu ba su iya hawa ba. Su faɗi da safe, da rana su turo wa Ɗantsoho.

Aka yi arba'in, shiru kake ji. Da shirun ya yi yawa sai ya tura amininsa Ado mai shayi, wanda teburinsa ke jikin rumfar Ɗantsoho, ya je ya gaida tsofaffi ya shinshino labari.

Surukin nasa, Malam Babaji, manomi ne mai taurin kai. Wata shekara auduga ta yi kyau ya sayi rediyo mai batir shida, ya sa aka ɗinka mata riga ta leshi. Tun daga ranar ya daina yarda da maganar duk wani mai numfashi. Ko ruwan sama ka ce masa ana yi a waje, sai ya ce bari dai a ji labarai. To a lokacin, kullum bayan labaran rana sai a karanta sanarwa, a faɗi yawan sababbin mutanen da Afolo ta kama jiya a birnin Katsina. Ranar da Ado ya je an ce ɗari biyu da ɗoriya.

"Ka gaya ma yaron nan," in ji Malam Babaji, "ɗiyata da jikana ba su shiga wanga birni sai ran da rediyo ta hwaɗi abin da zai shiga yatsun hannuna."

Ya ware wa Ado yatsunsa goma. Tara da rabi ne in za a bi gaskiya, don lauje ya taɓa cin rabin ɗaya.

To ya za ka yi? Suruki ba a musu da shi, ko ido ba a haɗawa. Kuma namiji ba ya fitowa majalisa ya ce yana kewar matarsa, balle ya ce yana son ganin ɗansa na fari. Ka faɗi haka a Ƙofar Marusa, har jikokinka sai an yi musu gori. Amma kewar tana nan tana cinsa. Ya shiga ɗakin nan mai ƙamshin sabuwar leda, ya kunna fanka ta yi ta fifita gado ba kowa, sai ya ji kamar ya ɗora hannu a ka ya yi ihu.

Sai shi ma ya sayi 'yar rediyonsa, ya rataye ta jikin ƙusa tsakanin tsofaffin tayoyi. Da an ce ga sanarwa, duk wanda ya tayar da babur a rumfar nan sai ya sha zagi. Ya ji adadin, ya tsoma yatsa cikin baƙin mai ya rubuta shi jikin bango.

Ado ya leƙo daga bayan tukunyar shayinsa. "Wai kai yaushe ka zama likita? Mi ya dame ka da idon jama'a?"

"Kishin ƙasa," in ji Ɗantsoho.

"Ƙasar da ke Batagarawa ko?"

Ranar Talata aka ce ɗari da casa'in. Laraba ɗari biyu da huɗu. Da aka karanto na Juma'a sai ga shi sittin! Ɗantsoho ya yi tsalle ya kusa fasa kai da kwanon rumfa, ya aika aka sayo tsire aka raba wa duk wanda ke wurin, har da wani da ya tsaya tambayar hanya. Na Lahadi aka ce babu ko ɗaya. Bai gama hamdala ba na Litinin ya fito, ɗari uku da sha ɗaya.

Ya tsaya gaban bango riƙe da sifana, yana kallon zanensa.

"Ado, zo ka gani. Wanga wane irin ciwo ne? Ran Juma'a ta tahi masallaci, ran Lahadi ta tahi coci, Litinin ta dawo aiki da ƙarhinta. Ciwo mai addini biyu!"

"Ƙila ma'aikaciyar gwamnati ce."

"Wallahi ƙarya suke. Mutum yana zaune Kaduna cikin sanyi, ya san idon mutanen Katsina? Ni zan ƙirga da kaina."

Haka kuwa ya yi. Rumfarsa a bakin hanya take, duk mai shiga gari ta wannan ƙofa sai ya gifta ta gabansa. Tunda masu Afolo baƙin tabarau suke sawa, sai ya ce ai abin mai sauƙi ne, ya ƙirga tabarau. Kafin azahar ya wuce ɗari huɗu, jikinsa ya yi sanyi. Sai daga baya ya lura ya ƙirga wani dillali sau biyar, ya ƙirga makafi uku da suka yi shekara da shekaru suna wucewa ta nan, ya kuma ƙirga duk 'yan Honda, waɗanda ko da ido lafiya ba sa hawa sai da gilashi. Ga kuma samarin zamani masu wando mai faɗin ƙafa kamar buje, su ko cikin masallaci da tabarau suke shiga. Haushi ya sa ya tare wani daga cikinsu.

"Kai samari, tsakaninka da Allah, Afolo ce ko yayi?"

Yaron ya ɗan sauke tabarau kan hanci, Ɗantsoho ya yi maza ya kare fuska. "Duka biyun, Malam."

Daga nan ya bar ƙirgar tabarau. Ya wanke hannu ya nufi ɗakin shan magani na unguwa, wurin Garba. Garba malamin magani ne, tare suka yi makarantar allo, tare suka saci mangwaro, don haka babu wani ranka-ya-daɗe tsakaninsu.

Layi ya tarar har bakin titi. Abin da ya fara ba shi mamaki, rabin mutanen da ke layin idonsu fari tas kamar na jariri. Ya kutsa ya shiga ta ƙofar baya, ya sami Garba zaune tsakanin kwalaye, yana miƙa ɗan bututun man ido ta taga kamar mai rabon goro.

"Garba, don Allah adadin nan da ake hwaɗi a rediyo, daga ina yake hitowa?"

"Daga nan," in ji Garba, ya buga kwali da ƙafa. "Da sahe in san nawa ke ciki. In za mu tashi in ga nawa ya rage. Abin da ya hita shi ne masu ciwo. In buga waya ohis, su haɗa da na sauran wurare, su buga Kaduna."

"To ai waɗanga lahiyarsu lau!"

"Ni na ce su zo? Mutum ya ce idonshi na ƙaiƙayi, in ce ƙarya yake?"

Ɗantsoho ya leƙa ta taga ya ga wani tela da ya sani. "Malam, kai kuma mi ya sami idonka?"

"Ba komai. Kayan gwamnati ne, a ajiye saboda gaba. Kuma yana maganin kaushi."

Bayan tela sai ga wani Alhaji, shi kam ido kamar garwashi. Ya ce gidansa mata uku da 'ya'ya sha tara duk sun kamu, a taimaka a ba shi na kowa. Garba ya ce doka ta ce mutum ɗaya bututu ɗaya, in suna so su zo da kansu. Alhaji ya ce matan nasa za su fito titi su yi layi da maza? Allah ya kiyaye! Ya karɓi ɗayansa ya tafi yana tsaki. Gida mai mutum ashirin da uku ya shiga rediyo a matsayin mutum ɗaya, kaushin tela ma ya shiga a matsayin mutum ɗaya.

"Juma'a fa?" in ji Ɗantsoho.

"Sha biyu muke tashi."

"Lahadi?"

"Kai kana aiki ran hutunka?"

Ɗantsoho ya kalli kwalayen. Ba su da yawa sosai. "To in magani ya ƙare fa?"

Garba ya ƙyalƙyale da dariya. "Sai ciwo ya ƙare mana! Wa zai zo ya sha rana a layi ya koma hannu rabbana? Kuma in wanga ya ƙare ba wani. An ce sabon yana cikin jirgin ruwa a Ikko, jiragen siminti sun tare mashi hanya. Sai dai wata shekara."

Kaico! Da Garba ya san abin da ya shuka da wannan dariya, da ya haɗiye ta. Ɗantsoho ya fito yana tafe yana murmushi shi kaɗai kamar wanda ya tsinci dami a kala.

Daga ranar ya zama babban mai tallar maganin gwamnati, ba albashi ba lada. Duk wanda ya kawo gyara sai ya ji huɗuba. Ya gaya wa 'yan Honda man nan ya fi giris kyau a sarƙa. Ya gaya wa wanzamai yana kashe ƙurajen aski. Ya gaya wa wani tsoho mai sabuwar amarya wata magana a kunne, wadda ba zan maimaita ba, washegari aka ga tsohon a layi da abokansa shida. Ado ya yi masa magana sau ɗaya, ya ce anya wannan abin da kake yi? Ɗantsoho ya ce kuɗin mai ne, na kowa ne, shi wayar da kan jama'a kawai yake yi.

Adadi ya yi sama kamar farashin rago da sallah. Ɗari huɗu, ɗari biyar da hamsin. Malam Babaji ya aiko daga Batagarawa cewa ko gaisuwa kada Ɗantsoho ya zo, ya riƙe abarsa an yafe. Ɗantsoho ya ji saƙon ya yi dariya, don ya san inda aka dosa.

Ran nan Garba ya juye kwali na ƙarshe ya kakkaɓe, ya rufe taga. Sauran wuraren ma haka. Sai adadi ya fara gangarowa. Casa'in. Arba'in da biyu. Sha bakwai. Mai karanta sanarwa har wani daɗi ake ji a muryarsa, yana yaba wa mutanen Katsina saboda tsafta da bin umarnin hukuma.

A daidai wannan lokacin ne Afolo ta tuɓe takalmi ta shiga Ƙofar Marusa da gaske. Da can wasa take yi. Yanzu gida-gida take bi, ba ta tsallake ko ɗaya. Ado ya kamu, ya riƙa zuba gishiri a shayi maimakon sukari. Gidan su Ɗantsoho, inda yake zaune da tsohuwarsa Inna Dije da iyalin yayansa, ta fara da yara, ta bi ta kan matar yayan, ta kwantar da Inna. Da safe sai ka ji yara na kuka ido ya liƙe, ana jiƙa musu da ruwan ɗumi, tsumma ɗaya ana zagayawa da shi.

Ya ruga wurin Garba. "Ko guda ɗaya, na Inna."

"Wane guda? Je ka tambayi sarƙar Honda."

Maganar ta soke shi, don ya san gaskiya ce. Ya bi 'yan Honda, sun shafe nasu. Ya sami tela, ya matse nasa a dunduniya. Kunya ta kama shi irin wadda ba ya iya gaya wa kowa.

Da magani ya ɓace sai kowa ya zama boka. Wannan ya ɗiga ruwan sukari, wancan ruwan albasa, wani nonon mai jego, wani fitsarin saniya. Har rumfarsa ake zuwa neman ruwan batir, wai yana ƙone ciwon. Ya kori mutum uku da sifana a yini ɗaya, yana zaginsu da iyayensu. Duk wannan abin dariya ne har ranar da aka fito da Lailatu, 'yar maƙwabcinsu, yarinyar da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Kakarta ce ta ɗiga mata wani haɗi, don ƙauna, don kukan ya ishe ta. Afolo takan yi kwanakinta ta wuce. Abin da aka ɗiga shi bai wuce ba. Ɗantsoho na tsaye ƙofar gida aka wuce da ita asibiti a kafaɗa, ya ga idon nan na dama ya yi fari fat kamar dafaffen ƙwai. Ranar bai iya cin tuwo ba.

Ya shiga gaida Inna Dije, ya same ta ta ɗaure ido da ɗankwali tana jan carbi.

"Wai yaushe za a kawo mani mai gidan nawa ne?" Jikanta take nufi. "Sun riƙe yaro a ƙauye kamar nasu su kaɗai. A kawo shi. In ma ta kama shi mi ne ne? Ɗan ruwan taba zan ɗiga mashi, kwana biyu ya washe. Haka nake yi maku kuna yara in ido ya yi ciwo."

Ya san Inna. In ta ce za ta ɗiga, ko soja aka ajiye a ƙofar ɗaki sai ta ɗiga.

Ana haka rediyo ta ce bakwai. Bakwai, a duk faɗin birnin Katsina! Ɗantsoho ya dubi rumfarsa, mutum tara ne zaune, takwas na share hawaye. Bai ko tsoma yatsa cikin baƙin mai ba. Kafin la'asar saƙo ya iso daga Batagarawa: Malam Babaji ya ce alhamdu lillahi, ya zo ran Alhamis da mota ya ɗauki iyalinsa.

Abin da ya yi ta roƙo ke nan, ga shi an ba shi. Ba wanda zai zarge shi in ya ɗauko su. Hukuma ta ce bakwai, suruki ya ce zo. Ya shiga ɗakin ya zauna bakin gado mai rumfa, ya ga inda Zuwaira za ta jera kwallayenta, ya ga inda za a kwantar da yaron. Wallahi yana son su dawo. Sai kuma ya ji Inna daga ɗakinta tana aiken a sayo mata garin taba.

Ranar Alhamis ya farka ya kasa buɗe ido. Ya lalubo buta ya jiƙa, ya ɓamɓare, ya duba madubin babur. To, madalla. Ta zo gaisuwa har gida.

Bai ɗauki mota ba. Ya ari tabarau wurin Ado, ya hau wata Honda da aka kawo gyara ya kama hanyar Batagarawa, iska na shiga ta gefen gilashi kamar ana watsa masa barkono.

Tun daga ƙofar gida ya ga an fito da kaya. Kwallaye an ɗaure cikin zannuwa, ga buhun gero, ga tulun man shanu, ga daddawa da kuka, har da kaji biyu an ɗaure musu ƙafa. Malam Babaji na zaune cikin zaure kan buzu, rediyo a gefensa cikin rigarta ta leshi. Ɗantsoho ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa can bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ina wuni?"

"Lahiya lau. An zo lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ina gajiya? Ya mutanen gida? Ya tsohuwa?"

"Duk lahiya lau." Ka ji fa. Gida kamar asibiti, amma gaisuwa ba ta san wannan ba.

Aka gaida aiki, aka gaida zafi, aka gaida birni da kewaye. Da gaisuwa ta ƙare Malam Babaji ya leƙa waje.

"Ina motar?"

"Baba, dama cewa na yi, ko za a ɗan ƙara masu kwana biyu."

"A ƙara mi?"

"Garin ne bai yi daɗi ba tukuna."

"Rediyo ta ce bakwai." Ya ɗaga yatsu, har da guntun. "Jiya ma cewa ta yi biyar."

"Baba, gidanmu kaɗai sun hi haka."

"Au! Kai ka hi rediyo sani? Mutanen da suka yi karatu har Ingila, da waya da komai, su ba su sani ba, sai kai mai wankin hannu da kananzir?"

"Ba haka nake nuhi ba, Baba. Maganin ne ya ƙare, shi ya sa..."

"Ciwo ya ƙare ba dole magani ya ƙare ba? Mi za a yi da shi?"

Tsohon ya gyara zama, muryarsa ta canza, wasa ya fita daga cikinta.

"Yaro, ni ba yaro ba ne. Wata nawa kana aiko mani Ado kamar zai tare mani a zaure? Yau na ce zo ka ɗauka, ka ce a ƙara kwana. Kuɗi sun zo maku a birni, na sani. Ga ka nan gaban surukinka da baƙin gilashi kamar karen mota. In wata ka samu, hwaɗi. Ɗiyata ba ta rasa gidan ubanta ba. An yi mata kitso, an yi mata lalle, duk dangi sun san yau za ta koma. In ta kwana gidan nan yau, mi zan ce ma mutane? To ji nan. Ko ka tahi da ita yau, ko ka rubuto mata takardarta. Ba na uku."

Ɗantsoho ya san tsohon nan ba ya mayar da magana, kuma ya san akwai kunnuwa bayan ƙofar cikin gida. Ya yi rantsuwa, an ce rediyo ba ta rantsuwa kuma ba ta ƙarya. Ya kawo labarin Lailatu, an ce ƙaddara ce. Hujja ɗaya ta rage masa, kuma ita ce rashin kunyar da ba a taɓa yi ba a zauren nan.

Ya ce, "Baba, ka gafarce ni." Ya cire tabarau, ya ɗaga kai, ya dubi surukinsa tsakiyar ido.

"A'uzu billahi!" Malam Babaji ya zabura, ya yaye babbar riga ya lulluɓe kansa da ita, ƙafarsa ta kwashe rediyo ta kife, batura suka watse suna gangarawa. "Ruhe! Ruhe abinka, ɗan nema! Kashe ni za ka yi? Ku kawo ruwa! A'a, kada kowa ya hito!"

Ɗantsoho ya mayar da tabarau ya koma ya sunkuya. Tsohon bai fito daga cikin riga ba. Ya daɗe a haka kamar kaza a akurki, yana haki yana salati. Can sai murya ta fito daga cikin shadda, a hankali.

"Kai kana cikin biyar ɗin?"

"A'a, Baba. Ni ba a ƙirga ni ba."

"Tsohuwarka fa?"

"Ita ma."

Hannu ya fito daga ƙarƙashin riga yana laluben batura, ya sami ɗaya, ya jujjuya shi, ya ajiye.

"A mai da kaya ciki," in ji Malam Babaji da ƙarfi, don na cikin gida su ji. Sannan ya rage murya. "Tashi ka tahi. In ka warke, kai da gidanku duka, ka zo da bakinka ka gaya mani. Kuma ka hita da baya, kada ka kalli ko akuyata."

Ya fito ya tura babur bai tayar ba, ya zagaya ta bayan gida inda hanya ta bi jikin darni. Bai yi nisa ba ya ji an yi gyaran murya daga cikin kara.

"Malam."

Ya tsaya cak. Muryar Zuwaira ce. Ya juya wa darnin baya da sauri.

"Na ji duk abin da aka yi," in ji ta. "Ka sa Baba ya shige riga. Har in mutu ba ni mantawa." Tana dariya, amma muryar da danshi. "Na sha lalle na sha kitso, ashe kaji kaɗai suka yi sa'a, an kwance su."

"Ki yi haƙuri."

"An ce ka sayi hwanka."

"Tana nan."

"To juyo mana. Ba kowa nan, duk suna can wurin Baba. Ga shi na ɗago maka shi, ka gan shi da kyau. Ran suna ai ba ganinshi ka yi ba."

Ya ji motsin kara, ya ji wani ɗan gurnani sama da kansa, kusa ƙwarai, da ƙamshin man shanu da hayaƙin wanka. Ya juyo. Amma kafin ya juyo ya runtse ido gam a bayan gilashin, ya mai da hannuwansa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya.

"Ja da shi baya, Zuwaira. Kada ya taɓa ni."

"Ai da gilashi."

"Ido na ruhe. Ja da shi baya, don Allah."

Ta ja da baya. Ya ji karan ya sake motsi, gurnanin ya ɗan yi nisa.

"To bari in gaya maka," in ji ta. "Ya yi ƙiba, wuyanshi har ninki uku. Ya hwara dariya, amma sai in an yi atishawa. Kunnenka ya kwaso, Allah sarki, kamar marhin tukunya. Ga shi yana kallonka yanzu, ya ƙura ma gilashin nan ido."

"Idon fa?"

"Nawa ne. Hwari tas."

"To a bar shi haka."

Hawaye suka gangaro ta ƙarƙashin tabarau, na ciwo da waɗanda ba na ciwo ba, bai kuma sa hannu ya share ba. Daga cikin gida aka ƙwala wa Zuwaira kira. Ta ce tana zuwa, ta ɗan ƙara tsayawa, aka sake kira.

Sai da ya ji takunta ya ɓace sannan ya buɗe idon, da ƙyar, don kwantsa ta sake liƙe shi. Ba kowa a wurin sai wata akuya tana cin darni.